Sha'aban Ɗin da Dawa Ta Ƙi Tsirowa

Babu abin da ke nuna ƙasa ta shiga sahun manyan ƙasashe kamar a samo wa talaucinta suna da ingantaccen Turanci. Yunwar da ba ta da suna a Turance yunwar ƙauye ce, ba mai aiko mata ko buhu ɗaya. Wannan ne ra'ayina tun ina koyar da Turanci a sakandare a nan Omdurman, kuma ritaya ba ta canja shi ba. Shi ya sa da jikata Ihsan ta kira ni daga Bur Sudan a farkon Sha'aban ɗin nan, inda take fassara rahotanni a wani ofishin agaji, na gyara zama kamar alƙali.

"Jiddo, kana da caji?"

"Ina da na rabin gaisuwa. Amarya, ba za ki tambayi lafiyar angonki ba?"

"Ango mai haƙori huɗu. Saurara, ya Jiddo. In tattalin arziki ya rikito gaba ɗaya, on a free fall ake rubutawa ko in free fall?"

"In free fall. Wanda ya rubuta on, a mayar da shi aji ɗaya."

"Mudir ɗinmu ne, shugaban ofis."

"To a yi masa addu'a."

Na ƙara mata da cewa ba a ɓata wannan magana a kan abin da ke zamewa a hankali. Ana ajiye ta ne don abin da aka sako daga sama, ba igiya, ba reshe, ba hannun da zai tare shi. Ta ce, to namu fa? Na ce kuɗinmu ya cancanta, ya ma ci jarrabawar da yabo. Layin ya katse kafin in faɗa mata sauran, wato cewa kuɗi ne ke faɗuwa haka, mutane ba haka suke yi ba. Mutum yakan sauka ne kamar mai shiga rijiya, ƙafa a wannan rami, ƙafa a wancan, yana sakin abu ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa yana da abin da yake riƙewa na ƙarshe.

Ina ajiye wayar sai iska ta kawo mini ƙanshi daga can ƙarshen layinmu na Alsawra: hayaƙin itace da tsami da citta. Wata tana tuyar abre. Gida ɗaya tak a duk layin. Rabin maƙwabtan da na sani yaƙi ya watsa su, waɗanda suka maye gidajensu kuma ba su da dawar yin wasa. Bana azumi da sanyinsa zai zo, har da mayafi da asuba. Amma ƙanshin nan bai san da haka ba. Kai tsaye ya mayar da ni shekarar fari, wajen shekara arba'in baya, lokacin da Sha'aban ya faɗo a tsakiyar bazara.

Zafin shekarar nan ba na mantawa ba ne. Da hantsi ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Alli yana manne wa yatsa, ɗalibai suna kallon allo kamar shanu suna kallon rijiyar da ta ƙafe. Famfo yakan yi tari sau biyu da sassafe ya yi shiru, sai mu jira mai jaki da gangarsa. Randunan Inna, mahaifiyata, da kullum suke gumi a gindin dalbejiya, suka bushe ƙayau har gefensu ya yi fari. A shekarar ne na fara jin wannan magana ta Turanci a rediyo, ana faɗinta a kan ƙasarmu. Na rubuta ta a allo da babban baƙi, na ja mata layi, ina jin daɗi kamar na tsinci kuɗi.

Ga wanda bai san abre ba: shi ne abin shan ruwanmu a azumi, Larabawa suna ce masa hilu-mur, wato zaƙi da ɗaci. Aikinsa na fara tun Sha'aban. A jiƙa dawa, a baza ta a kan jiƙaƙƙun buhuna a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har ta yi tsiro ja. A shanya tsiron, a niƙa, a haɗa da gari da citta da kirfa da hulba da tsamiya da zoɓo, a bar ƙullun ya yi tsami. Sannan ranar tuya, wadda ake kira awasa, matan layi su taru a yi gayya. Yau gidan wance, gobe gidan wance. Gidan da hayaƙinsa bai tashi a Sha'aban ba, ba sai an yi shela ba, kowa ya san abin da ya same shi.

Kakanninmu hanyar hajji ce ta ajiye su a ƙasar nan, kuma Inna ta gaji abu biyu daga gare su: Hausar da ba ta gauraya ba in tana faɗa, da girman kai. Kowace shekara ƙaninta yakan aiko mata buhun dawa daga garin Mai Wurno da ke bakin kogi. A shekarar nan saƙon gaisuwa ne ya zo, ba buhu. Dawar gida ta ɓace a kasuwa, wadda ta rage kuma sai dai a gaishe ta a wuce. Abin da albashina ya iya ɗaukowa shi ne dawar agaji, wata ja mai ƙwayoyi manya, da ke zuwa daga ƙetare ta ɓulla a kasuwa ta hanyoyin da ba a tambaya.

Jikin katangarmu akwai wani gini da mai shi ya fara ya tafi Saudiyya neman kuɗin ƙarasawa. Ginshiƙai ne da rufin ɗaki ɗaya, ƙarafa sun miƙe sama. A nan Annur ya sauka da iyalinsa. Mutumin Kordofan ne, daga yammacin El Obeid, dogo, siriri, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi. Ya zo cikin dubban da fari ya koro suka yada zango a bayan gari, ya yi sa'a aka ba shi gadin ginin. Da rana yana dako a kasuwar hatsi. Matarsa Kaltum tana yi wa Inna wanki. 'Ya'yansu uku, kawunansu sun yi wa wuyansu girma.

A jikin wani ƙarfe, sama da inda hannun yaro zai kai, Annur ya rataye wata jakar fatar akuya da aka ɗaure bakinta tamau. Wata rana na tambaye shi ko laya ce.

"Iri ne, ya Ustaz."

"Irin me?"

"Dawa. Ta babana ce, shi ma ta babansa. Ruwa kaɗan take so." Ya ɗaga kai ya dube ta. "Raƙumi ya tafi, awaki sun tafi, har gadon da aka haife ni a kai na sayar a hanya. Wannan ba ta tafi ba. Ranar da aka yi ruwa, na kama hanya."

"Yaran fa? Na ga jiya ba a hura wuta ba."

"Yaro yana kwana da yunwa ya tashi. Gona ba ta kwana ba iri ta tashi."

Ina da amsoshi masu kyau a kan abubuwa da yawa, amma duk da Turanci suke.

Aka raba ranakun awasa a gidan Hajja Zainabu, maƙwabciyarmu, matar wani ɗan kasuwa wanda rumbunsa bai san an yi fari ba. Ita da Inna ƙawaye ne na shekara talatin, irin ƙawancen da kowacce ke ƙirga miyar 'yar'uwarta.

"Yaya Habi," in ji ta, "bana in da nauyi a tsallake gidanki. Ma'alesh, ai duk ɗaya ne, sai in aiko miki."

"Nauyin me? Ni da ɗana Ustaz?"

"Ai shi ya sa na faɗa."

Inna ta dawo gida ta ce in ɗauko mata rabin dawar agajin da muke tuwo da ita. Matata, Allah ya jiƙanta, tana da goyo a lokacin, ta dubi fuskar surukarta, ta tafi ɗebo ruwan jiƙawa. Aka jiƙa dawa, aka baza a baranda. Safe da yamma Inna tana yayyafa mata ruwan da muka saya a wurin mai jaki, mu kuwa muna alwala da abin da bai cika kofin shayi ba. Kowace asuba ta ɗaga gefen buhu ta leƙa. Ba komai. Ta ce dawar Turawa ce, ba ta saba da mu ba, a ba ta lokaci. Ko ta tsufa a cikin jirgi, ko an gasa ta kafin a aiko, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ba ta yi ko ƙaho ɗaya ba. Sai ta fara yauƙi, sannan ta fara wari, wani wari mai kama da na tsohon takalmi da aka jiƙa. Kaji ma suka shinshina suka juya. Muka rasa abre, muka rasa rabin tuwon.

Inna ta kwashe ruɓaɓɓiyar da kanta, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne don kada a gani a bola. Kaltum tana tsugune a bakin kwanon wanki tana kallo. Ran nan Inna ba ta ci abinci ba, ta ce kanta ke ciwo.

Washegari da hantsi, Annur yana kasuwa, ni kuma ba ni da darasi, Kaltum ta shigo da abu a ƙarƙashin mayafinta. Ta ajiye a gaban Inna. Jakar fatar ce.

"Hajja, wannan za ta tsiro. Ko a kan dutse kika zuba ta."

Inna ta kwance bakin jakar, ta zuba kaɗan a tafin hannu. Farare ne ƙanana, an gauraya su da toka don ƙwari. Ta daɗe tana juya su da ɗan yatsa.

"Ɗiyata, maigidanki ya sani?"

"Ya san ƙaramin ba ya iya tsayawa da ƙafarsa."

Inna ta juye irin a ƙwarya. Ta shiga ɗaki ta fito da sauran garin da muke da shi, da kwalbar mai, da adas, wato ƙananan waken miya, da sukarin da ta ɓoye don azumi, ta ɗora wa Kaltum. Abin da ta bayar ya ninka abin da ta karɓa, wannan ko Annur bai musa ba daga baya. Kaltum ta cika jakar da yashi, ta ɗaure, ta mayar da ita jikin ƙarfenta. Da yamma hayaƙi ya tashi a ginin, muka ji yaran suna faɗa a kan kwano, wanda ya fi shirun da suka saba yi daɗin ji.

Dawar kuwa kamar jira take. Kwana biyu ta fasa baki. Kafin mako ta saƙa saiwa cikin buhunan har ba a iya ɗaga su, ta miƙo jajayen tsiro masu tsini, cunkus, daga wannan bango zuwa wancan. Duk barandar tana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. A cikin wannan bazara, a garin da ko ciyawa ba ta da ita, ga gona a ƙofar ɗakin Inna.

Ban san yadda Annur ya gane ba. Wataƙila nauyin jakar, wataƙila ya tambayi inda gari ya fito. Ba mu ji hayaniya ba. Bayan la'asar dai ya yi sallama a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba sai an kira shi, ya ce yana son ya gani. Na shigo da shi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin barandar, ya ɗora bayan hannunsa a kan tsiron a hankali kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Duka ta fito," in ji shi. "Ka gani, ya Ustaz? Ba ɗaya da ta ƙi."

Inna tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ja mayafi har goshi.

"Ɗana, in an yi girbi ƙanina zai aiko. Buhu guda zan ba ka, wallahi."

"Dawar bakin kogi, Hajja? A yashinmu kwana nawa za ta yi?" Ya girgiza kai. "Ba komai. Yara sun ci."

"To ka kwashe abinka."

"Ba a mayar da tsiro cikin ƙwaya."

Duk da haka ya roƙi cikin tafi ɗaya. Inna ta yanko masa da wuƙa, har da guntun buhun. Ya dasa a bayan ginin, ya kewaye da bulo, ya yi masa rumfa da kwali, yana alwala a kansa sau biyar a rana. Ya yi kore, ya kai tsawon ɗan yatsa. Amma ruwa saura wata biyu, iskar bazara kuwa kamar daga bakin tanda take fitowa. Wata rana na leƙa na tarar da bulo da kwali kawai.

Ranar awasa mata suka cika gidanmu tun da safe. Aka kafa babban farantin ƙarfe a kan wuta, mace ɗaya ta zauna gabansa tana zuba ƙullu tana shafe shi da guntun reshen dabino har ya yi siriri, ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, ta naɗe ta miƙa, wata ta karɓe ta. Ba mai iya daɗewa, zafin wuta a gaba, na rana a baya. Gumi yana ɗiga a farantin yana cewa cas. Ana dafa kofi, ana gulmar waɗanda ba su zo ba. Ni an kore ni zaure da jarida, amma katangar zaurenmu ba ta taɓa riƙe sirri ba.

"Yaya Habi, wannan tsiro daga ina?" Muryar Hajja Zainabu ce. "Nawa ma bai yi wannan ja ba."

"Allah ne ya kawo."

"Allah ya kawo mana irinsa."

Kaltum ce ta fi kowa daɗewa a gaban wutar. Da wata ta ce mata, in an yi ruwa sai tafiya ke nan, za mu rasa mai hannu, sai na ji ta amsa, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"'Ya'ya biyu na binne a can, ɗaya a hanya. Ba zan kai wa garin can sauran ba."

Sannan wata ta ce kofi ya huce, aka ci gaba.

Azumi ya kama. A layinmu maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Kafin magariba ake share titi, a yayyafa ruwa in akwai, a shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya fito da tirensa, duk mai wucewa a tare shi ko da rantsuwa. A shekarar tirori sun yi sauƙin ɗauka. Asida, tuwonmu na nan, ta zama ta ɗanɗano, miyar ta zama ruwan da ya taɓa jin labarin kuɓewa. Masu wucewa kuwa sun ninka, wasunsu tun la'asar suke wucewa a hankali. Amma jug ɗin gidanmu ya fito cike da abre, ja wur, an tace, har da ɗan ƙanƙarar da na yi layi na samo.

Annur yana zaune a ƙarshen tabarma, leɓensa sun tsage, ya wuni yana sauke buhunan wasu. Aka kira salla. Mijin Hajja Zainabu, wanda bai san komai ba, ya cika babban kofi daga jug ɗinmu ya miƙa masa.

"Tafaddal, ya Annur. Na Hajja Habi ne, bana ta fi kowa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi cikin kofin. Na sunkuyar da kai ina neman dabinon da ba ya nan. Da na ɗago ya shanye, har ya kife kofin.

"Yaya ka ji shi?" in ji mutumin.

"Ya yi," in ji Annur. "Dawar mai kyau ce."

Kowace magariba haka, har wata ya ƙare. Bai taɓa ƙi ba, bai taɓa neman ƙari ba. Inna kuwa, wadda aka yi duk wannan don kada a ce hayaƙinta bai tashi ba, ban ga ta kai abren bakinta ba a shekarar. Ta ce tsami yana tayar mata da ƙwarnafi.

Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni hadari ya haɗu daga kudu. Ruwan farko da rana tsaka ya sauko, manya-manyan ɗigo masu ɗumi. Yara suka fita tsirara, tsofaffi suka tsaya a ƙofa suna kabbara, layinmu ya zama kogi. Aka yi ta yi, kamar sama tana biyan abin da ta riƙe. Manyan motoci suka fara lodi a bayan gari, mutanen yamma suna hawa da tabarmi da tukwane. Wasu 'yan garin Annur suka biyo su tafi tare. Na gan su a ƙofar ginin, suna magana, shi yana kallon ƙasa. Ɗayansu ya ce a can za a samu iri a wurin dangi, ko rance ne. Annur ya ce mutum ba ya komawa garinsu ya roƙi dawar ubansa. Kaltum tana ciki tana jijjiga ƙaramin, wanda ya fara takawa. Motar ta tashi. Ya ce da ni, baɗi in sha Allah.

Baɗi ta zo, babban yaron ya shiga makaranta. Wata baɗin Kaltum ta fara sayar da shayi a bakin kasuwa, ta fi shi samu. Suka koma unguwar Umbadda suka yi ɗaki na laka. Yaran uku duk suka rayu, suka girma da Larabcin birni, ɗaya har ya zauna a ajina, kuma ba laifi a Turanci. Annur ya yi dako har bayansa ya lanƙwashe. Duk damina in muka haɗu zai ɗaga kai ya dubi gabas da kudu, ya faɗa mini ko shekarar ta shuka da wuri ce, kuma bai cika kuskure ba. Ya rasu shekaru kafin yaƙin nan, muka kai shi maƙabartar bayan gari, cikin tsakuwa. Shi da Kaltum wa ya fi gaskiya, na daɗe da daina auna wannan. Na ga yaran a shekarar, na kuma ga hannunsa a kan tsiron.

Da yaƙi ya shiga Umbadda, Kaltum ta rasa inda za ta nufa da jikoki. Hanyar da ta buɗe a ranar ta yamma ce. Ta hau bayan motar gawayi, tsohuwa mai sanda, ta sauka a garin da ta rantse ba za ta sake takawa ba. Can ba layin waya, kuma can ɗin ma ba lafiya ba. Wani da ya fito daga wajen bayan damina ya ce ya gan ta a gonar Annur. Dawa take nomawa.